Ƙofar Sharon a Jikin Galaksita

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da na kai Malam Haliru ƙara wurin shugaban makanikan Gummi ba. Ko na so in manta ba za a bar ni ba, don har yau in na bi ta gaban garejin sai na hangi wani ya sunkuyar da kai yana gyara hular da ba ta karkace ba.

Bari in fara da motar, don ita ce tushen abin. Na fi shekara ashirin ina koyar da labarin ƙasa a makarantar 'yan mata kafin Allah ya hore mini abin hawa. Galaksi ce, ruwan toka, mai kujera bakwai. Ta hannu ce, amma dillalin da ya kawo ta daga Sakkwato ya rantse mini cewa wata tsohuwar Baturiya ce ta riƙe ta, kuma kasuwa kawai take zuwa da ita. (Daga baya na ji duk motar da ya sayar a yankinmu ta wannan tsohuwar ce. Allah kaɗai ya san faɗin gidanta.) Na so motar nan so mai tsanani. Na saya mata rigar kujeru, na rataya mata turare, kuma na kafa doka cewa ba a cin gyaɗa a cikinta.

Abu ɗaya ne ke ɓata mini rai, shi ne a kira ta Sharon. Kowa a nan ya san Sharon, ita ce motar hayar da ke jigila tsakanin Gummi da Anka da Gusau, a cusa mata mutane har saman juna, a ɗaure buhunan albasa a baya, akuya na leƙe ta taga. Ni kuwa tawa motar gida ce. Amma mutane ba sa ganin bambanci, sai ka ji an ce ga Sharon ɗin Malama can. Nakan tsaya in gyara wa mutum zancensa ko a gidan gaisuwar rasuwa ne. Har Inna mahaifiyata, wadda duk mota a wurinta mota ce, sai da na koya mata faɗin Galaksi, ta riƙa cewa Galashi don a zauna lafiya.

To saura kwana goma bikin 'yar ƙanwata, Zainabu, wadda za a kai Anka, ina dawowa daga wata gaisuwa ta hanyar Bukkuyum sai na tarar da garken shanu na tsallaka titi. Na tsaya ina jira kamar yadda kowa ke yi. Wani bijimi fari, ban san abin da ya gani a jikin motar ba (Malam, maigidana, ya ce wataƙila kansa ya gani a fenti, tunda kullum cikin goge ta nake), ya ja baya ya nufo ƙofar baya ta dama da dukkan ƙarfinsa. Ƙofar ta lotse ciki, gilashin ya tarwatse, ni kuma na kama salati. Mai shanun ya yi ta ba ni haƙuri da Hausa da Fillanci har na rasa wanda zan tausaya wa tsakanina da shi. Abin da ya fi damuna shi ne na riga na yi wa dangi alkawari, da bakina kuma a gaban surukai, cewa a motata za a ɗauki amarya.

Kowa ya ce in kai wa Malam Haliru mai gyaran bodi. Dattijo ne siriri, mai furfura a gemu, ba shi da yawan magana, kuma bugun ƙarfe na shekaru ya ɗan taɓa masa ji. Ya zagaya motar sau biyu, ya shafa ƙofar, ya duba wata 'yar farantin lamba a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ya auna wani wuri da tafin hannunsa. Sannan ya ce wannan ta wuce bugu, ƙarfen ciki ya karye, sai dai a nemo wata. Na ce masa to, amma fa ta Galaksi nake so, kada a liƙa mini tarkace. Ya ce, "Za ta zamna daidai, Hajiya." Ni kuma na ɗauki wannan a matsayin i.

Ya ce in dawo Alhamis. Na koma Laraba, bayan an tashi makaranta, ba tare da na sanar da shi ba, don ina ganin hakan dabara ce. Na tarar ya tafi sallar azahar. Ga motata a ƙarƙashin darbejiya, an rataya mata ƙofa, an yi fenti, sai sheƙi take yi. Wallahi da a nan na juya na koma gida, da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Amma sai na buɗe ƙofar. Ba a riga an mayar da marfin ciki ba, don haka ƙarfen a fili yake, kuma kore ne shar. Na sa tabarau. A kusurwar gilashin ga tambarin nan mai zagaye wanda ke goshin kowace Sharon a tasha. A jikin ƙarfen da ke ɗaga gilashi ga shi nan kuma. Sannan, don kada a bar mini sauran shakka, an rubuta da alli, da ajami, da kyakkyawan hannu: Sharon, baya, dama.

Na ji wani abu ya taso mini, rabinsa fushi, rabinsa kuma (yau dai gaskiya zan faɗa) daɗi. Daɗin wanda ya kama ɓarawo da hannunsa. Nan take na haɗa labarin gaba ɗaya a kaina: ya buge ƙofata ta asali ta miƙe, ya sayar wa wani mai Galaksi, ni kuma ya ɗauko ta wata matacciyar motar haya ya shafe da fenti, yana ganin mace ce ba za ta gane ba. Na ɗauki hoto ta kowace kusurwa.

Abin da na yi bayan nan shi ne ya fi komai muni. Muna da guruf a waya na matan Islamiyyarmu ta Asabar da Lahadi, inda ake sanar da haihuwa da rasuwa da canjin lokacin darasi. Na danna na yi saƙon murya na minti huɗu. Na fara da sallama da salati, na ce nasiha ce zan yi don Allah, sannan na kama sunan Malam Haliru na ce duk wadda mijinta ke kai masa mota ta gaya masa ya buɗe ido. Na haɗa da hotuna. Sai bayan na aika na kira Malam maigidana in gaya masa. Ya saurare ni har na gama, ya ce in jira mutumin ya fito masallaci in tambaye shi tukuna. Na ce masa abin da ido ya gani kuma aka rubuta da ajami ba ya bukatar tambaya. Da ya ga ba za a ji ba, sai ya ce Allah ya kyauta.

Rumfar shugaban makanikai, Alhaji Mande, tana bakin garejin. Na same shi yana shan fura, na ce ƙara na kawo. Ya ajiye ludayi, ya sa aka ba ni benci, ya saurare ni da natsuwa. Da na gama sai ya tambaye ni ko ƙofar ta ƙi rufuwa. Na ce tana rufuwa. Ya tambaya ko ta bar wata kafa da iska ko ruwa zai shiga, ko gilashin ya ƙi hawa, ko ta fi 'yan uwanta tsawo. Duk na ce a'a.

"To Hajiya," ya ce, "mi ƙohwag ga ta yi?"

Na ce ba 'yar gidan ba ce.

A nan ne na miƙe tsaye, don ni ban iya bayani a zaune ba. Zuwa lokacin mutane sun fara fitowa daga masallaci, makanikai da direbobi da masu sayar da kayan gyara, kowa ya zo sai ya tsaya. Ni kuwa da na ga taro sai malantata ta motsa. Na bayyana musu cewa kamfanin da ke da Galaksi na Amurka ne, mai Sharon kuma na Jamus, kuma tsakanin Amurka da Jamus akwai tekun Atlantika. Na ce na fi shekara ashirin ina koyar da wannan tekun. Na zana shi a iska da hannuna. Na tambaye su ta yaya ƙofar da aka ƙera a wannan gaɓa za ta zama ta motar da aka ƙera a waccan. Suka dubi juna, na ɗauka hujja ce ta kama su. Wani direba ya juya baya kafaɗunsa na rawa, na ɗauka tari ne.

Ana cikin haka Malam Haliru ya iso da carbi a hannu. Sai da aka maimaita masa sau biyu kusa da kunne kafin ya gane cewa shi ake tuhuma, kuma da sata. Na yi zaton zai yi faɗa, na ma shirya amsa. Bai yi ba. Ya dube ni kawai, ya sa carbin a aljihu, ya zagaya bayan shagonsa. Jim kaɗan sai ga shi yana janyo wani abu a ƙasa. Ƙofata ce, ruwan toka, a lotse kamar yadda bijimi ya bar ta, har da 'yar takardar addu'ar hawa mota da na liƙa a ciki. Ya jingina ta da benci a gabana, ya koma gefe.

Rabin ƙarata ya mutu ke nan. Mai hankali a nan zai nemi hanyar gida. Ni sai na ce to na ji ba a sayar ba, amma wannan bai halatta a sa mini ta motar haya ba.

Alhaji Mande ya karɓi sukudireba, ya durƙusa da kansa, ya ɓalle marfin cikin tsohuwar ƙofar. Ya ce in matso in sa tabarau. Na matso. A jikin ƙarfen ɗaga gilashi, a ƙofar da ta zo da motata, ƙofar da nake gogewa kullum da tsumma mai laushi, ga tambarin nan mai zagaye yana kallona. Ya sa aka karanta lambar da ke gefensa, aka je aka karanta ta jikin sabuwar ƙofar, farkonsu iri ɗaya.

Bai tsaya nan ba. Ya aika tasha aka kira wani direba ya zo da Sharon ɗinsa, da igiyoyinta da warin albasarta, aka ajiye ta gefe da gefe da tawa. Ya ce in bar kallon goshi, in dubi gefe. Na duba. Layin tagogi ɗaya, ɗan gilashin nan mai kusurwa uku na gaba ɗaya, gangaren rufi ɗaya, mariƙin ƙofa a wuri ɗaya. Malam Haliru ya auna tsakanin hinjin ƙofar wannan da tafin hannunsa, ya je ya auna na waccan, suka zo daidai. Shekara biyu ina faɗa da mutanen gari a kan su buɗe ido, ashe su ne ke gani.

Alhaji Mande ya yi mini bayani a hankali, yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Ya ce motocin nan uku ne, da Sharon da Galaksi da wata da ake kira Alhambara, kuma gangar jikinsu ɗaya ce, kamfanonin ne suka haɗa kai suka ƙera, kowa ya sa wa tasa fitilu da goshi da suna. Ya ce su masu gyara ba suna suke dubawa ba, gangar jiki suke dubawa da shekarar ƙira, don tsohon yayi da sabon yayi ba komai nasu ke shiga juna ba. Fitila da bamba kowa da nasa, inji ma wani lokaci ya bambanta, amma ƙofa irin wannan ta kowa ce. Ya ce da Malam Haliru ya tsaya neman wadda aka cire daga jikin Galaksi lallai, da sai an aika Kano, kuma da an kai amarya an dawo ba ta iso ba.

Na tattaro sauran ƙarfina na ce to teku fa?

"Ai ba su ƙetare teku ba, Hajiya," ya ce. "Duk ukun gida guda anka ƙera su, wata ƙasa wai Fotugal. Mu dai suna muka ji. Ke kin hi mu sanin inda take."

A nan ne direban nan mai tari ya kasa riƙewa, sauran suka bi shi. Ba dariyar mugunta ba ce, da ita ce ma da na sami abin yin fushi. Dariya ce ta mutanen da suka daɗe suna danne ta saboda girman hijabina. Na san inda Fotugal take. Na san babban birninta da kogunanta da abin da take nomawa. Ban taɓa jin ilmi ya yi mini rashin amfani irin na ranar ba.

Kuma abin bai ƙare ba. Wani mai fenti da ke tsaye ya ce tunda an taru, a nuna wa Hajiya bayan motar mana. Malam Haliru ya girgiza masa kai, alamar ya bari, amma ni da bakina na ce a nuna mini, ba abin da nake tsoro. Aka ɗaga murfin but, aka janye robar gefe. Ƙarƙashin ruwan tokar ja ne wur. Mai fentin ya ce wannan murfin na Alhambara ne, an canja shi tun kafin motar ta shigo ƙasar nan ko bayan ta shigo, kuma Malam Haliru ya gani tun ranar farko, ya ce kada a gaya mini don ya lura ina son motar. Wato mutumin da na kira ɓarawo a gaban jama'a kusan mako guda yana rufa wa motata asiri.

Ban san yadda na isa gabansa ba. Na ce Malam Haliru ka yafe mini, na zalunce ka. Saboda jinsa sai ya karkato kunne ya ce, "Na'am?" Dole na maimaita da ƙarfi, yadda har masu shayi na tsallaken titi suka ji. (Har yau ban tabbata ba ko bai ji na farkon ba ne da gaske.) Ya ce ba komai, Allah ya yafe mana gaba ɗaya, shi ma da laifinsa da bai yi mini bayani ba tun farko. Ya ce in zo gobe in ɗauki mota kamar yadda aka yi.

Sai a cikin Keke Napep, a hanyar gida, na tuna da saƙon murya. Na ciro waya na buɗe guruf. Mata sun saurara, sun yi ta Allah wadai, wata ta ce dama ta daɗe tana zarginsa (mijinta ko keke ba shi da shi), wata ta ce ta tura wa guruf ɗin unguwarsu. A can ƙasa kuma ga saƙo ɗaya a rubuce, daga Hajo, wata baiwar Allah mai shiru da ke zama a sahun baya a aji, wadda muka yi shekara uku muna karatu tare ban taɓa tambayar matar wa ce ba. Ta rubuta: "Malama, maigidana ne. Allah ya bayyana gaskiya."

Na ce wa mai Napep ya juya. Na yi tambaya har na sami gidan. Hajo ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, idanunta sun yi ja. Ta ce tun azahar 'yan uwanta ke kiranta, har daga Anka an kira. Wannan zaman ya fi na gareji zafi, don a can dariya aka yi mini, a nan kuwa ba abin dariya. Na gaya mata duk yadda aka yi, ban rage komai ba, har tekun da na zana a iska. Da na zo kan Fotugal sai ta rufe baki da gefen mayafi, ta yi ƙoƙari, ta kasa. Muka yi dariya tare har da hawaye, nata na sauƙi, nawa na kunya. A gabanta na yi sabon saƙon murya na janye maganata, na ce ni ce jahila, Malam Haliru mutumin kirki ne kuma gwani, duk wadda ta tura na farko ta tura wannan don Allah.

A nan na gano wani abu game da mu. Saƙon farko kafin la'asar ya zagaya gari. Na biyu kuwa kwana biyu yana zaune, waɗanda suka buɗe shi ba su kai rabi ba, kuma ba wadda ta tura shi ko'ina. Da na kai wa maigidana kuka sai ya ce tunda da murya na ɓata, da ƙafa zan gyara. Ranar Asabar, ana gobe kai amarya, na miƙe a gaban aji kafin a fara darasi na maimaita komai da bakina. Matan unguwar da aka tura wa kuma sai da na bi su gida-gida, ina sallama ina bayanin gangar jikin mota ga matan da ba su tambaye ni ba. Wata tsohuwa ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta tambaye ni ko sayar da motocin nake yi.

An kai Zainabu Anka lafiya. A ta wannan ƙofar ta shiga, a ta nan ta fita tana kuka, ba abin da ya maƙale. Mazan wasu daga cikin matan ajinmu sun koma kai wa Malam Haliru aiki, ina fata ko kaɗan hakan ya rage mini nauyi.

Abin da na koya shi ne, in ka shiga wurin sana'ar mutum, cikin minti biyu ka gano abin da kake ganin ya ɓoye maka, to ba ganowa ka yi ba, tambaya ce ta same ka. Ka yi ta a zaune, da ƙaramar murya, ga mutum ɗaya, wayarka kuma tana cikin jaka. In amsar ta nuna kai ne ba ka sani ba, mutum ɗaya ne ya ji, kuma ba sai ka bi gari kana sallama ba.